Hatimin Mutanen Finland

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar Juma'ar da manyan mutane kusan arba'in suka ɗaga hannuwa suna amsa mini amin, alhali ni ba addu'a nake yi ba. Na jima ina riƙe da labarin nan a cikina. Amma tunda ya riga ni isa Kantin Kwari, kuma na ji ana ƙara masa gishiri (wai har tofi na yi wa mutane, wanda wallahi ban yi ba), gara in faɗe shi da bakina.

Shekarata goma sha ɗaya a Guangzhou. Ina da ɗan ofis a hawa na tara a benen Tianxiu, ɗakin da idan mutum biyar suka shiga, na shida sai dai ya yi sallama daga waje ya tsaya a nan. Aikina shi ne 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi da Yamai su sayi kayansu, su jibge a wurina, su hau jirgi su koma gida, ni kuma in haɗa in tura musu. Ba ni da masana'anta, ba ni da jirgin ruwa. Jarina guda ɗaya ne tak: idan na ce abu kaza ne, a yarda kaza ɗin ne. Ranar da aka daina yarda da bakina, ranar zan ɗauki butata in koma Kano.

Sai dai ina da wani hali, wanda sai daga baya na gane ba kowa yake jin daɗinsa ba. Ni ne mai gadin harshen Hausa na unguwar Xiaobei, kuma ba wanda ya naɗa ni. Wanda ya fi shan wahalata shi ne Sani, wani ɗan Fagge mai shagon wandunan jins a kasuwar Canaan, wanda ya auri wata Musulma 'yar ƙasar. 'Ya'yansu biyu a lokacin, ba mai iya cewa sannu a cikinsu. Duk inda na gan shi sai na tare shi.

"Sani, ranar da ka kai yaran nan Fagge, da me za su gai da kakarsu? Da ni hao, gaisuwar Sinanci?"

"Kawu, ana ƙoƙari," in ji shi, yana sosa ƙeya.

"Ƙoƙarin me? Mutum ya bar ɗansa ya tashi babu harshen ubansa, ai rabin haihuwa ya yi."

(Wannan magana ta rabin haihuwa na faɗe ta a bainar jama'a ya fi sau goma. Ina son ta ne don tana da nauyi a baki.)

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, 'yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, a ƙasar Finland take. Aikin jinya take yi a can, mijinta ɗan Zariya ne mai aikin kwamfuta. Sun haifi yarinya aka sa mata sunan mahaifiyata, muna ce mata Ummi. Tun tana shekara ɗaya ake kai ta gidan raino daga safe har yamma, saboda haka ranar da ta buɗe baki Finlanci ne ya fito. Tana da shekara huɗu, idan uwarta ta kira ni a bidiyo ta ce zo ki gai da Kaka, sai ta leƙo da ido ɗaya. In ce, "Amaryata, ina kwana?" Ta dube ni, ta faɗa wa uwar wani abu, ta ruga. Wata rana na dage sai an fassara mini. Uwar ta yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe ta ce, "Baba, cewa ta yi wai mutumin nan bai iya magana ba."

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ni da nake ciniki da Sinanci, in yi rigima da Turanci, in gai da mutanen Yamai da guntun Faransanci, wai ni ne ban iya magana ba. Kuma mai sunan mahaifiyata ce ta faɗa. Na ce shi ke nan, tunda ba za ta zo inda nake ba, ni zan je inda take. Ina da shekara hamsin da uku na fara koyon Finlanci a ɓoye, kamar dattijon da ya koma shan taba.

Ban san wanda ya tsara wa mutanen nan harshensu ba, amma ba mai sauri ba ne. Mu idan za mu yi magana, kalmar tana nan zaune inda take, abin da ke gabanta muke canzawa: ina ci, kana ci, muna ci. Su kuwa wutsiyar kalmar suke kamawa su murɗe. Ni da wutsiyata, kai da taka, shi da tasa, sannan mu, ku, su, shida ke nan. Puhun, ina magana. Puhut, kana magana. Puhuu, puhumme, puhutte, puhuvat. Ka haddace wannan kana murna, sai a ce maka ai kalmomin aikin ma gida shida ne, kowane gida da dokarsa. Wata kalmar kuna cikin tafiya lafiya sai harafi ɗaya ya fice daga tsakiyarta babu sallama, sai an zo kan shi ko su ya dawo. Hatta ƙin abu sai an juya shi, ƙina daban, ƙinka daban. (Abu ɗaya na lura: ba su da "zan yi". Na gobe ma "ina yi" suke cewa. Da alama mutane ne da ba sa son ɗaukar alkawari.)

Wata biyu ina fama da shi da rubutun boko, ko ɗaya bai zauna ba. Sai na tuna cewa duk abin da na taɓa haddacewa a duniya ya zauna daram, da haruffan allo na haddace shi. Na samo farin kwalin nan da ake sawa a cikin sababbin riguna, na yanka daidai aljihu, na ja layuka. Gida shida a tsaye, uku a kwance: na yanzu, na jiya, da na ƙi. Na cike gidajen da ajami. Inda harafi ya ninku na ɗora shadda. Wasulan da ba mu da su na ƙirƙira musu ɗigo uku-uku da jan biro. A gefe na jera ɗaya zuwa shida da lambobin Larabci, a kusurwa na sa lambar gidan da kalmar ta fito na kewaye ta da da'ira. Ai kuwa sai karatu ya fara shiga. Bayan azahar in tura ƙofa, in zauna ina rangaji ina maimaitawa ƙasa-ƙasa. Ni dai ban taɓa tsayawa na dubi kwalin nan da idon wani ba.

Alhaji Isufu mutumin Maraɗi ne, dattijon kirki, ya ba ni shekara goma. Kayan sola yake saye, faifai da batura. Shekara shida duk zuwan da zai yi a ofishina yake shan shayi, baƙi babu sukari, don yana da ciwon suga, kullum da 'yar robar ƙwayoyinsa a aljihu. A wannan zuwan hankalinsa ba a kwance yake ba. Saura kwana huɗu bizarsa ta ƙare, masana'anta kuma ba ta gama kayansa ba. Kullum ya kira lawban ɗin, wato mai masana'antar, amsa ɗaya ce, meyo, babu. Idan ya tafi bai duba kaya da idonsa ba, sai abin da aka ga dama aka zuba masa.

Muna sallar la'asar a ofis, mu huɗu, na kai goshi ƙasa sai kwalin ya sulluɓo daga aljihun gaba ya faɗa kan dardumarsa. Da aka sallame na ga ya ɗauka da hannu biyu. Ya dubi gidajen, ya dubi jan ɗigon, ya dubi da'irar. Ya jira sauran biyun suka fita.

"Malam," ya ce. Shekara shida bai taɓa ce mini Malam ba. "Wanga hatimi, na mi ne ne?"

A nan ya kamata in yi dariya in ce, Alhaji, ba hatimi ba ne. Amma idan na ce ba hatimi ba ne zai ce to mene ne. Idan na ce Finlanci ne zai ce na me. Idan na faɗi na me, kafin magariba Sani ya ji cewa mai maganar rabin haihuwa jikarsa ba ta jin zo. Duk wannan tunanin na gama shi kafin Alhaji ya ƙifta ido. Sai na sunkuyar da kai, na yi shiru, na yi irin murmushin nan da malamai suke yi idan an tambaye su abin da ba a ba kowa. Na san abin da nake yi, kada wani ya ce kuskure ne.

"Na gane," in ji shi, ya rage murya. "Ara mini shi zuwa jibi. Wajen masu biza za ni."

Na ara masa. (Na lallashi kaina da cewa kalmar da ke kan kwalin ranar ita ce samu. Saan, saat, saa: ina samu, kana samu, yana samu. Na ce ko ba komai fata ne mai kyau.) Ya cire hula, ya kwantar da shi a ciki, ya mayar.

Jibi suka ƙara masa wata guda. Washegari lawban ya kira da kansa ya ce kaya sun kammala. Ranar Alhaji Isufu tun daga bakin lif ya cire takalmi, ya tako hawa na tara da safa, ya kama hannuna da nasa biyu ya ƙi saki. Dattijon da ya ba ni shekara goma. Na ce masa, "Alhaji, Allah ne Ya yi." Ya ce, "Haka kuke cewa dama."

Kafin mako ya zagayo labari ya gama Tianxiu, ya tsallaka titi, ya kai Canaan. Mutane suka fara shigowa ofis ba da kwali ba, da buƙata. Sai ka ga mutum ya zauna ya yi ta hirar zafin gari har sai ɗaki ya watse, sannan ya matso da kujera. Aka fara ajiye mini turare, dabino, zuma. A masallaci ina shiga ake matsa mini a sahun gaba, ni da karatuna ya tsaya a izu biyar. Wani ya tambayi Alhaji me ya sa rubutun ba ya karantuwa da Larabci, ya ba shi amsa da cewa ai manyan sunaye ne na Suryaniyanci, ba kowane baki yake ɗaukar su ba. Ina zaune aka yi wannan bayani, na gyaɗa kai kaɗan.

Kuma daɗi na ji. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi wuyar faɗa. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaure kwali da salatif, ba wanda ya taɓa miƙewa don na shigo. Na riƙa zaɓa wa kowa kalma daidai damuwarsa, don in rage wa kaina zunubi. Mai kukan rashin ciniki in rubuta masa sayarwa. Wanda kwantenarsa ta yi jinkiri in rubuta masa zuwa. Dokata ɗaya, ban taɓa buɗe baki na ce hatimi ne ba, kuma da wannan 'yar dokar nake samun barci.

Abin takaicin, Finlancina bai taɓa gudu kamar lokacin ba, don duk kalma sai na kwafe ta sau biyar sau shida. Wata Lahadi aka kira ni a bidiyo, Ummi ta leƙo da ido ɗaya yadda ta saba, na gyara murya na zuba mata magana tun daga puhun har puhuvat ban numfasa ba. Ta fito da ido na biyun. Ta tuntsire da dariya har ta zauna a ƙasa. Uwar ta ce, "Baba, ba fa haka ake yi ba, ba wanda yake jera su shida a lokaci ɗaya." Amma yarinyar ba ta gudu ba. Ta tsaya tana gyara mini baki, tana nuna ni da yatsa. Ranar na ji kamar an yi mini bushara, na ce lallai wannan hanyar akwai albarka a cikinta.

Cikin wannan yanayin Alhaji Isufu ya sake matso da kujera.

"Malam, akwai na lahiyar jiki?"

Na jawo kwalin da nake kai a makon na miƙa masa. Na ɗauka a hula zai sa shi kamar na farko.

Ana nan matar Sani ta haifi na uku, namiji. Aka sa walimar suna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a saman wani gidan abinci na Musulmin ƙasar. An gasa rago, ga shinkafa, ga taliyar nan tasu da ake ja da hannu. Ni aka zaunar a kan tebur na gaba, Alhaji Isufu a damana. Na lura ya faɗa, leɓɓansa sun bushe. Kafin a kawo nama ya shanye gorar ruwa uku, ya zagaya sau biyu. Na ce, "Alhaji, lafiya?" Ya ce, "Lahiya lau. Ciwon ne ke hita."

Ban gane ba sai da ya miƙe ya nemi a yi shiru.

Ya yi salati, ya yi wa jariri fatan alheri, sannan ya juyo kaina. Ya ba da labarin biza, wanda kowa ya sani. Sai ya ce akwai wanda ba a sani ba. Ya ce da Malam ya ba shi na lafiyar jiki, ya je ya sayi farin faranti da za'afaran. Kullum bayan asuba yana kwafe hatimin a kan farantin gida-gida, har jan ɗigon, ya wanke ya sha.

"Yau kwana tara," ya ce, ya ɗaga yatsu, "ban sha ƙwayar lokotoro ba ko guda." (Lokotoro shi ne likita a bakin mutanen Maraɗi.)

Ɗaki ya ɗauki kabbara.

Bai gama ba. Ya zaro wata 'yar gora daga aljihu, ruwan ciki ɗorawa shar, ya ce wankin safiyar yau ne ya rage wa jariri. A ɗiga masa a baki, sauran a kai wa mai jego. Amma kafin nan, Malam ya miƙe ya karanta da bakinsa, jama'a su samu tubarraki. Sani ya shiga ciki ya fito da yaro a naɗe cikin farin tawul, ya tsaya a gabana yana murmushi, mutumin da na shekara biyar ina ci wa fuska.

Mai karatu zai ce a nan na farka. A'a. Na miƙe. Hannuwa suka tashi sama, har da mai gidan abincin da ya tsaya a bakin ƙofa da faranti a hammata. Kaina ya zama fayau, babu komai a ciki sai abin da ke kan tebur. Na rufe ido na ja murya irin ta masu addu'a.

"Syön."

"Amin!"

"Syöt."

"Amin!"

"Syö. Syömme."

"Amin, ya Rabbi!"

Na gama shidan ban yi tuntuɓe ba, kuma abin kunya, wani ɓangare na zuciyata yana yaba mini. Na tsallaka zuwa gidan jiya. Söin, amin. Söit, amin. A nan na ɗan buɗe ido in ga ko ya isa.

Alhaji Isufu na gani yana ƙoƙarin buɗe gorar. Yatsunsa suna laluben murfin suna wuce shi, kamar ba ya ganinsa sosai. Ya dafa tebur da ɗaya hannun don kada ya tafi. Da ya samu ya buɗe, ya tsoma ɗan yatsa ya nufi bakin jaririn.

Na riƙe hannunsa.

"Ku sauke hannuwanku," na ce. Ba wanda ya sauke, sun ɗauka wani sashe ne na karatun. "Don Allah ku sauke. Ba addu'a ba ce. Ba hatimi ba ne, ba Suryaniyanci ba ne. Yaren mutanen Finland ne, ni nake koyo. Abin da na karanta muku yanzu, cewa na yi ina cin abinci, kana cin abinci, yana cin abinci, muna cin abinci."

Wani daga can baya, wanda maganar ba ta kai masa ba, ya ce amin.

Ana jin mai taliya a ƙasa yana buga kwaɓinsa a kan tebur. Hannuwa suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman inda zai ajiye nasa. Na ga mutum biyu sun kai hannu hula sun fasa. Gumi ya jiƙa mini riga har gadon baya, ga na'urar sanyi tana aiki.

Sani ne ya yi magana, yaro yana hannunsa. Ba da faɗa ba, da mamaki.

"Kawu, to kai me ya haɗa ka da yaren Finland?"

Na duba ko'ina babu ƙofa kusa. Na ce, "Jikata ce a can. Ba ta jin Hausa."

"Ko kaɗan?"

"Ko zo."

Ya daɗe yana kallona. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya gyara wa ɗansa tawul, ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Allah sarki, Kawu. Ana ƙoƙari."

Ba wanda ya samu damar yin dariya, don a daidai lokacin Alhaji Isufu ya zauna, ba a kan kujera ba, kusa da ita. Sani ya miƙa yaro ciki, muka kama dattijon mu biyu muka sauko da shi, muka tare tasi. A asibiti suka auna sugansa, likitar ta dubi na'urar, ta dube shi, ta sake aunawa. Ta tambayi Sani da Sinanci me ya sa ya daina shan magani. Sani ya dube ni. Na ce masa ya ce mantuwa ce. Ban san abin da ya gaya mata ba, amma ta ɗago ta yi mini kallon da ba ya buƙatar tafinta.

Aka ɗaura masa ruwa. Wajen la'asar idonsa ya washe, ya kwanta yana kallon silin. Ina zaune a gefen gado na rasa inda zan fara. Na ce, "Alhaji, ka yafe mini." Can ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Wanda na sha kwana tara, mi yake cewa?"

"Ina barci, kana barci, yana barci."



"To, barci kam na yi shi," in ji shi.

Na ɗauka an wuce wurin, har na fara sakin numfashi. Sai ya juyo da kansa.

"Ka san ni ban yi boko ba. Shekara shida, takardar izini, takardar jirgi, ta lokotoro, duk kai nike miƙa ma. Ka ce ga abin da ke ciki, in sa hannu in tahi. Ban taɓa kai ma wani ya sake duba mini ba." Ya numfasa. "Ni ba kwalin na yarda da shi ba. Kwali mi ne ne? A aljihunka na gan shi."



Jim kaɗan ma'aikaciyar jinya ta shigo da takardar magunguna, Sinanci a sama, Turanci a ƙasa, ta ɗora masa a ƙirji. Hannuna ya tafi da kansa, yadda ya saba. Alhaji ya riga ni. Ya ɗauke ta, ya ninke biyu, ya tsallake hannuna da ke miƙe ya ba Sani.

"Ɗana, karanta mini wagga."

Sani ya karanta, yana yi yana tuntuɓe a kan sunayen magungunan, ni ina zaune na san kowanne, ba wanda ya tambaye ni.

Ya warke, alhamdulillahi. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Har yau wurina yake ajiye kayansa, har yau a ofishina yake shan shayi. Amma duk takardar da na miƙa masa, sai ya karɓa da ladabi, ya sa a aljihu, ya ce zai dawo gobe. Daga Tianxiu zuwa shagon Sani tafiya ce, ga zafi, ga ƙafar dattijo, kuma bai taɓa fashi ba.

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne. Idan mutum ya tsinci takardarka ya ce mene ne wannan, gaya masa tun kafin ya cire hula. Yanzu da boko nake rubuta jadawalina, manyan haruffa, da fassara a ƙasa. Ba ya shiga kaina ko kaɗan, amma dai ba wanda ya sake sha.